Cikar ciki daban, lafiyar jiki daban: abinci a matsugunan gaggawa

Idan ambaliya ko girgizar ƙasa ta raba jama'a da muhallansu, abin da masu agaji ke fara lissafawa shi ne yawan hatsin da zai ishi kowane gida, kuma ba a ga laifinsu ba, domin a kwanakin farko yunwa ce ke gaba. Ma'aunin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji suka fara tsarawa a 1997, ya tanadi kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 2,100 ga mutum ɗaya a rana, kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari daga furotin, kashi 17 kuma daga mai. Sai dai bincike ya daɗe da nuna cewa mutum kan ƙoshi kullum alhali jikinsa yana lalacewa a hankali.

A Malawi, cikin 1990, mutum fiye da 18,000 daga cikin 'yan gudun hijirar Mozambik suka kamu da cutar felagira, wadda ke sa fata ta yi baƙi ta tsattsage, ta kuma haddasa gudawa. Garin masara bai yanke musu ba. Gyaɗa ce ta ɓace daga rabon abincinsu, ita ce kuwa ke ba su bitamin B3, wanda rashinsa ke kawo cutar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne darasin Japan, domin ya nuna cewa arzikin ƙasa ba ya kawar da wannan matsala. Bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta ranar 11 ga Maris, 2011, mutane sun shafe makonni a makarantu da zaurukan wasanni suna cin curin shinkafa da burodi da taliyar leda, babu nama ko kifi ko ganye sai jefi-jefi. Ma'aikatar lafiyar ƙasar ta fitar da ma'auni na musamman ga matsugunan: kalori 2,000, furotin giram 55, bitamin C miligiram 100 a rana. Masu binciken da suka bi matsugunan ɗaya bayan ɗaya sun gano cewa inda aka samu iskar gas da damar yin girki, abinci ya fi inganci. A ganina, wannan ya isa hujjar cewa murhu da tukunya da ruwa mai tsabta suna cikin kayan agajin farko.

Rabo iri ɗaya ga kowa kuma yakan cutar da masu rauni. Tsohon da ba shi da haƙora ba zai iya tauna busasshen abinci ba, mai hawan jini yana shan gishirin taliya safe da yamma, wasu kuma sukan rage shan ruwa don gudun makewayi mai ƙazanta. Na jarirai ya fi tayar da hankali: bayan girgizar ƙasar Yogyakarta ta Indonesiya a 2006, gudawa ta fi yawa matuƙa a tsakanin jariran da aka raba wa iyayensu madarar gwangwani ba tare da tantancewa ba. Shi ya sa ƙa'idojin agaji ke cewa a ciyar da uwa, a ba ta wurin shayarwa mai sirri, a kuma keɓe madarar ga jaririn da aka tabbatar ba shi da wata hanyar samun nono.