Asabar, Baba Ila ya goya hannu a baya

Da niyyar zaman gida na tashi yau, in ban da kai Ummi islamiyya. Tara da 'yan mintuna sai ga wayar Sani dillali, wai motar nan da na ce ya sa min ido ta iso, in zo in gani kafin wani ya riga ni. Shayin ma ban ƙarasa ba.

Prius ce fara, ƙirar 2010, saukar Kwatano, irin motar da ake kira haibirid, mai aiki da mai da kuma batir. An wanke ta fes, an goge tayoyin har suna sheƙi. Na shiga, na taka birki, na danna maɓalli, shiru. Na kai hannu zan sake dannawa, Sani ya riƙe ni yana dariya, ya ce, "Malam, ai ta tashi." Muka zame daga wurin kamar ana tura mu, babu gurnani, babu karkarwar sitiyari. Wani yaro mai tallar ruwa yana tafe a gabanmu, bai ko waiwayo ba sai da na yi masa hon. A lokacin abin burge ni ya yi. Sai da na dawo gida na tuna lungunmu da yaran da ke wasa a bayan motoci.

Mun bi Zoo Road muka faɗa gosilon Dangi, a nan ne ta gama sace min zuciya. Ina tsayawa injin ya kashe kansa, esi kuma bai daina hura sanyi ba. Sau nawa na tsaya a wannan wurin da Corolla ina kallon allurar mai, ina jin kamar daga aljihuna ake zuƙa? Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma sake waiwayo baya ba. Lita 30 nake sha a sati tsakanin ofis, makarantar yara da kasuwa. Wannan kuwa, awon da aka yi mata a Amurka tana sabuwa mil 50 ne a galan, kusan kilomita 21 a lita ɗaya. Ko ta rage kuzari saboda tsufa, na ƙiyasta rabin abin da nake zubawa zai ishe ni. Ba a jona ta da wutar NEPA, ita ke cajin kanta da inji da kuma birki. Har na fara raba rarar a raina, wannan na buhun shinkafa, wannan na kuɗin makaranta.

Na ce wa Sani mu biya garejin Baba Ila. Fuskarsa ta ɗan canza, ya ce ai ba sai an je ba, mota lafiya lau take. Na ce shekara goma sha ɗaya ban taɓa sayen ko taya ba tare da Baba ya gani ba.

Mun same shi a ƙarƙashin wata Golf, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana goge hannu da tsumma, muka gaisa, ya tambayi Hajiya da ƙafarta, ya tambayi yara. Na ce, "Baba, amarya na kawo maka ka duba." Ya yi murmushi ya ce a buɗe bonet.

Kun san Baba Ila. Mutumin da kafin ka gama faɗin abin da ke damun mota ya riga ya zura hannu, ya kara kunne, ya ce fulogi na uku ne. Yau da bonet ya buɗe, sai ya tsaya. Ya kalli wasu kaurara-kauraran wayoyi ruwan goro da suka ratsa gefen injin, ya ja da baya taku ɗaya, ya goya hannuwansa biyu a baya kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Malam, wannan ba tawa ba ce."

Na ce, "Haba Baba, ai Toyota ce."

Ya ce, "Sunan ne Toyota. Ina kik ɗinta? Ina altaneta? Ko fanbel ban gani ba. Juyen baƙin mai zan yi maka, in canza maka birki, in duba ƙafa. Amma ran da ta ƙi tashi, wallahi ban san ta inda zan fara ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in karɓi kuɗinka ba. Waɗancan wayoyin kuwa, an ce wutar cikinsu kisa take."

Sani ya fara zuba, wai ai motar ba ta lalacewa, tun 1997 Japan ke ƙera ta, Turai duk tasi ita ce. Baba bai ko dube shi ba.

Sai ga Nura ya matso, yaron da na sani tun yana miƙa sifana yana wanke kusoshi a cikin fetur. Ya rusuna ya ce, "Baba, in duba?" Baba ya ɗaga masa kai. Yaron nan bai nufi inji ba, ƙofar baya ya buɗe. Ya nuna min wata 'yar taga mai raga a gefen kujera, ya zura yatsa ya fito da shi jawur da ƙura. Ya ce ta nan babban batirin yake shan iska, yana kwance a bayan kujerar, fanka ce ke jan iskar cikin mota tana hura masa. In ƙura ta toshe fankar, ko wani ya jingina jaka a wurin, batirin zai yi ta dahuwa ba ka sani ba. Zafi ne babban maƙiyinsa. Na ɗaga kai na dubi ranar Kano ta watan Afrilu, wadda ke haura digiri 40 ba tare da neman izinin kowa ba, na tuna hunturun da ko cikin kwanon abinci ƙura ke shiga.

Ya ci gaba, ni kuwa na saki baki. Batirin gunduwa 28 ne a jere, gaba ɗaya suna ba da wuta sama da bolt 200. Guda ɗaya ta yi rauni, sai alama mai kusurwa uku ta kunnu a gaban direba, in an sa mata kwamfuta ta nuna P0A80, ma'ana a canza batir. Ya ce akwai masu cire gunduwar da ta mutu su sa wata tsohuwa, mota ta yi 'yan watanni lafiya, sai ta kusa da ita ma ta bi sahu. Akwai kuma masu goge alamar da kwamfuta ana gobe za a sayar, mai saye ya tafi da murna, bayan sati biyu ta dawo. Da ya faɗi haka bai kalli Sani ba, amma Sani ya tafi amsa wayar da ban ji ta yi ƙara ba.

Na tambayi kuɗin batir in za a sayo cikakke a Ƙofar Ruwa. Abin da ya faɗa ya kusa cinye duk rarar man da na lissafa ta shekara guda, kuma shi ma ba sabo ba ne, daga jikin wata motar aka ciro. Garantin da kamfani ya ba wa batirin a Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, wato tun wajen 2018 ya ƙare. Inji ko ya tsufa kana jin sautinsa, kana ganin hayaƙinsa. Batir kuwa a rufe yake, cinikin biri a sama kenan.

Ya ƙara min da biyu. Kwamfuresar esinta da lantarki take aiki, tana da nata mai na musamman, in mai gyaran esi ya ɗura mata irin na sauran motoci zai jawo ɓarna babba. Sannan indomin salansarta, wato abin da ke tace hayaƙi, ɓarayi sun fi so, saboda ƙarfen cikinsa ya fi daraja. Mu da motar ke kwana a waje.

Duk wannan bayanin ina saurara, amma idona na kan Baba. Ya koma kan bencinsa ya zauna, yana juya tsumman nan a hannu. Yaron da ya koya wa riƙe sifana yana karantar da kwastomansa a gabansa, da abin da ya koya a waya. Bai nuna ɓacin rai ba, har ma ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Nura." Sai dai muryar ta yi ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba.

Da zan tafi ya kira ni gefe. Ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. In ta tsaya maka tsakanin Wudil da Birnin Kudu, magariba ta yi, ga Hajiya a baya, wa za ka kira?"

Ban ba shi amsa ba, don ya san abin da ya tuna min. Shekara uku da suka wuce a wannan hanyar Corolla ta mutu min, muna dawowa daga duba Kawu. Wani bakanike na bakin titi da fitilar waya ya gyara ta, Baba na gaya masa abin da zai taɓa ta wayata. Minti arba'in muka tashi. Corolla ko a wane ƙauye ta faɗi akwai wanda ya san cikinta, kayanta kuma har a shagon da ke sayar da bututun keke za ka iya dacewa. Ga shi kuma a doguwar hanya ribar haibirid raguwa take, tunda injin ne ke ta aiki, ba tsayawa ba taka birki. Cin ribarta a gosilo yake. Ƙasanta ma ya yi kusa da ƙasa, ina tunanin kwalbatin bakin layinmu in damina ta zauna.

Na mayar wa Sani motarsa. Ya ce zuwa Litinin zai iya riƙe min, bayan nan ba ruwansa.

A gida dambu aka yi. NEPA ba su kawo ba tun asuba. Hanif ya fasa gilashin fitila.

Maman Ummi ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗauko littafin cefanenta ta buɗe min shafin watan jiya. Ta ce, "Baban Ummi, batirin nan wata rana ne zai mutu, ko ma ya daɗe bai mutu ba. Mai kuwa kullum ne." Ta ce adashinta na fitowa ƙarshen wata, za ta sa hannu. Gaskiyarta, ban da abin cewa. Ita ce ke ganin yadda nama ya koma sau biyu a sati.

Yaya da na kira, kalma ɗaya ya yi, wai tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ya ce in mayar da Corolla ta gas kawai in huta. Na ce masa wannan ma wani karatun ne, ina layin, ina gidajen gas ɗin, ina but ɗin da tukunya za ta cinye.

Bayan isha'i na fita na zauna cikin Corolla a ƙofar gida, ban tayar da ita ba. Kujerar direba ta lotsa daidai jikina. Na yi ta lissafi a waya, in haɗa in raba, kowane lokaci amsar na canzawa gwargwadon shekarar da na ba batirin. In ya yi shekara uku na ci riba sosai. In ya mutu kafin babbar sallah, na shiga uku, ga adashin baiwar Allah a ciki.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba lissafin ba ne. Hannuwan Baba ne a bayansa. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa barin garejinsa da shakka ba, ko ba ni da kuɗi ya ce tafi ka kawo. In na sayi motar nan, zan riƙa zuwa gaishe shi ne kawai, in wuce shi in nemi yaronsa.

Nura ya turo min saƙo ɗazu, ya ce yana da abokin da ke da kwamfutar da ke nuna ƙarfin kowace gunduwa, in ina so Litinin da safe su same ni wurin Sani a gwada ta a kan hanya. Na rubuta masa to, na goge. Ba zan ɗauki yaron mutum daga bakin aiki ba tare da na nemi izininsa ba. Gobe bayan azahar zan je gidan Baba Ila da kaina, har yanzu ina neman yadda zan fara maganar.