Yadda nake zuba lambobin yabon soja da rezin

Aikin lambar yabo tun daga mazubi yake gyaruwa ko ya lalace, domin fenti ba ya rufe ramin da kumfa ta bari a fuskar zaki ko a tsakanin haruffa.

Mazubin silikon nake yi. Idan lambar mai fuska biyu ce, sai na nutsa rabinta cikin yumɓun roba, na zuba ruwan silikon a ɓari ɗaya, ya daskare, na shafa basilin kaɗan, sannan na zuba ɗayan. Yumɓun kada ya kasance mai sinadarin sulfa, saboda yana hana silikon mai filatinam daskarewa, sai a tarar da shi yana danƙo. Shafin farko da buroshi nake yinsa, siriri, don ya shiga kowane lungu.

Rezin ɗin poliyuretan da nake amfani da shi ruwa biyu ne, A da B, da ke daskarewa su zama roba mai tauri idan an haɗa su; awo ɗaya na A ne da awo ɗaya na B, kuma cikin minti biyu zuwa uku yake fara kauri, don haka komai yana gabana kafin na haɗa. Babban maƙiyinsa danshi ne. Ko tsinken katako mai laima ya isa ya tayar da kumfa, shi ya sa da na roba nake juyawa. Ina barbaɗa hoda a mazubin na kakkaɓe, ita ke jan rezin cikin ƙananan zane.

Ga Victoria Cross ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1856 kuma da tagulla ake yinta, garin tagulla nake barbaɗawa maimakon hoda. Bayan ta fito sai na goge da soson waya mai laushi, na shafa baƙin fenti tsararo, na share. Baƙin ya zauna cikin haruffan, tudun ya yi ƙyalli. Wannan ya fi kowane fentin tagulla kama da gaskiya.

Bajo mai azurfa ko zinariya kuwa, sai an wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, in ba haka ba fenti zai ɓare. Daga nan fentin shimfiɗa, sai baƙi mai sheƙi, sannan fentin ƙarfe shafi biyu marasa kauri. Shunin lambar Purple Heart ta Amurka fenti mai garai-garai ne a kan azurfa, da ɗigon epoksi, wani rezin mai garai-garai, a sama.

Kowacce ina tona kalmar COPY, wato kwafi, a bayanta tun a mazubi, don kada wata rana a sayar da ita a matsayin ta asali. Wajen goga da samfefa, da ruwa nake yi, da takunkumi a hanci, domin ƙurar rezin tana cutar da huhu.