Neman ɓoyayyen gwangwani a Birnin Kudu

Ranar Asabar mun jarraba wasan nan na neman ɓoyayyen abu da GPS ɗin waya, wanda aka fara a Amurka a shekarar 2000. Wani malaminmu ne ya ɓoye gwangwani cikin itatuwan da ke kewaye da duwatsun Birnin Kudu, ya turo mana lambobin wurin kawai, muka same shi a kogon wata tsamiya.

Amma abin da ya fi ratsa ni shi ne zanen shanun da mutanen dā suka bari a jikin dutse, masu dogayen ƙahoni, babu tozo, saɓanin shanunmu na yau. Wani dattijo kuma ya ƙwanƙwasa mana dutsen da ke amo kamar kuge, yaranmu suka ƙi tafiya sai da kowannensu ya buga.