Mu aka ce mu ɗaure ciki, su fa?

Jiya a Tudun Wada na tsaya sayen masara, wata dattijuwa ta ƙirga kuɗinta har sau biyu, ta ce wa mai awo, ɗana rage min rabin tiya. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Tun 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi ake ce mana mu yi haƙuri, to mun yi, ni ban ma ƙi cire tallafin ba, amma gwamnatin da ke cin bashi ai ba ta da hurumin sayen manyan motoci da kwasar tawaga zuwa ƙasashen waje, bashin nan jikokinmu ne za su biya. A rage kashe kuɗi, a sassauta haraji, a bar ɗan kasuwar Sabon Gari ya nemi halalinsa.

Sai kuma maganar bayananmu. An karɓi BVN, an karɓi NIN an haɗa da layin waya, har zanen yatsu. Amma ran nan wani baƙo ya kira ni, ya faɗi cikakken sunana da ranar haihuwata, wai daga banki. A ina ya samu? Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan, mu ga an hukunta masu sayar da sirrinmu mana.