Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Shekarar da Na Ɗauki Bakan Kakana a Duwatsun Kolorado

A makon jiya na tsaya ne a ranar da wani abokin aikina ya buɗe firjin garejinsa ya nuna mini nama ƙulli-ƙulli, ya ce duk na dabba ɗaya ce, kuma da kibiya ya harbe ta. A daren ban yi barcin kirki ba. Kakana na wajen uwa maharbi ne a wani ƙauye da ke bakin dajin Falgore, kuma ina yaro na sha zama gefensa yana gyaran tsirkiya, kwarinsa rataye a bangon zaure inda hannunmu ba ya kaiwa saboda dafi. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a Orora, kusa da Denba, a jihar Kolorado ta Amurka, kullum ina hangen duwatsu a yamma, ban taɓa sanin cewa dajin cikinsu har da ni a masu shi ba.

Dabbar sunanta elk. Ba mu da ita a ƙasar Hausa. Mafi kusa da ita a girma shi ne gwanki, amma namijinta ya fi gwanki nauyi, yakan kai kilo 320, ƙahonsa kuma rassa ne kamar busasshiyar bishiya, yana zubar da shi duk shekara wani ya tsiro. Kolorado ta fi kowace jiha yawansu, wajen 300,000. A farkon ƙarnin da ya wuce an kusa ƙarar da su da harbi don sayarwa. Doka da kuɗi suka dawo da su, musamman dokar Pittman-Robertson ta 1937 da ta ɗora haraji kan bindigogi da harsasai, daga baya aka haɗa da baka da kibiya, ana zuba kuɗin a kula da namun daji. Da na karanta wannan sai na tuna Falgore, inda kakana yake lissafa dabbobin da ya gani yana saurayi waɗanda mu jikokinsa ba mu taɓa ganin ko sawunsu ba.

Akwai masu kai mutum farauta, su ba shi doki, tanti, abinci, su kai shi har gaban dabba, ya biya dubban daloli. Ba ni da wannan kuɗin, ko da ina da shi ma ba abin da nake nema ke nan ba. Ni da ƙafata nake so in shiga, a filin gwamnati da kowa ke da iko da shi. Hukumar gandun daji ta Amurka tana riƙe da eka miliyan 193, hukumar kula da filayen gwamnati ta BLM kuma wajen miliyan 245. Ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Za ka iya kafa tantinka kyauta har kwana 14 a yawancin wurare.

Maganar takardu ba ta ba ni wuya ba. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 sai ya yi kwas na ilimin farauta kafin a sayar masa da lasisi, na yi rabinsa ta intanet, rabi a aji. Hukumar kula da namun daji ta jihar, Colorado Parks and Wildlife, ta raba jihar yanki-yanki da lambobi. Wasu yankunan sai an shiga ƙuri'a wadda ake rufewa a farkon Afrilu, wasu kuma mutum ya je kanti ya saya kawai. Daga 2025 an rufe wa baƙi masu farauta da baka daga wasu jihohi wannan ƙofa ta biyu a yammacin jihar, amma ni mazauni ne, lasisina bai kai dala 100 ba, na baƙo kuwa a lokacin wajen 800 ne. Lokacin masu baka daga 2 zuwa 30 ga Satumba ne, daidai lokacin barbara, sa'ad da mazan ke wani irin kuka mai kama da busar sarewa da ke ƙarewa da gurnani.

Bakan zamani ba irin na kakana ba ne, yana da 'yan tayoyi a bakinsa biyu masu rage wa mutum nauyin riƙo idan ya gama ja. Doka ta ce kada ƙarfin jansa ya gaza laba 35, kan kibiya kuma ya zama mai kaifi biyu aƙalla. Dafi haramun ne a dokarsu. Wannan ya canja komai, domin kakana ko a cinya ya samu gwanki, dafi zai ƙarasa aikin. Ni sai kibiyata ta ratsa huhu, ta bayan kafaɗa. Tun Fabrairu nake harbi bayan aiki, na kuma yanke wa kaina cewa ba zan saki kibiya a kan abin da ya wuce yadi 35 ba.

Inda na daɗe shi ne kan taswira. Da farko idona ya tafi duwatsun Flat Tops, tsakanin garuruwan Meeker da Yampa, inda garke mafi girma yake. Na yi kwanaki ina zana hanyoyi masu nisan kilomita 12 daga mota, don kowa na cewa a guje wa mutane. Wata rana da dare uwargida ta kawo mini shayi, ta tsaya tana kallon kwamfutar, ta ce, “Baban yara, to in Allah Ya ba ka, wa zai ɗauko maka?”

Na yi shiru. A garinmu idan maharbi ya kayar da babbar dabba, aike yake yi gida, samari su fito da wuƙaƙe da kwanduna, kafin la'asar kowane gida ya samu rabonsa. A nan ba mai zuwa. Yankunan da aka keɓe a ƙarƙashin wata dokar 1964 a matsayin daji zalla, irin Flat Tops, ba a shiga da mota, ba a shiga da keke, ko baro mai taya ba a yarda ba. Namijin elk idan an cire ƙashi yakan ba da nama kusan kilo 100. Idan ina ɗaukar kilo 30 a bayana, sawu huɗu ke nan har da kai da kayan kwana, zuwa da dawowa, a tsaunin da ya kai mita 3,000 inda numfashi ke yanke wa mutum. Ga ranar Satumba da zafi, nama ba ya jira. Dokar jihar ta wajabta fitar da cinyoyi da kafaɗu huɗu da naman gadon baya, barinsu ya ruɓe laifi ne. Ko ba doka, ina zan kai alhakin rai da na kashe na bar wa ƙuda?

Sai na share duk zanen, na fara lissafi daga baya. Na auna abin da bayana zai iya a yini ɗaya da rabi, ya ba ni kilomita 4 daga inda mota ke tsayawa. A cikin wannan da'irar na nemi abin da dabbar ke so: gangaren da ke fuskantar arewa mai duhun itatuwa inda suke kwanciya da rana, fili mai ciyawa da suke kiwo da asuba, da kududdufin laka da mazan ke birgima a ciki. Na fi son wurin da sai an hau tudu mai wuya daga titi, domin yawancin mutane ba sa son hawa da sassafe, kuma da kaya gangarowa zan yi. Na fitar da wuri biyar, idan na tarar da motoci a ɗaya in wuce na gaba. Sunan kwarin kam ba zan faɗa ba, maharbi ba ya nuna mashayarsa. Na kuma sauke taswirar wata manhaja mai suna onX a waya don ganin iyakar gonakin mutane, saboda a Kolorado ba dole ba ne mai fili ya sa shinge ko alama, kai ne da alhakin sani.

Abu ɗaya da ban buƙaci kowa ya koya mini ba shi ne iska. Kakana yakan ɗebi toka ya saki ya ga inda ta nufa. Su a nan farar hoda suke sayarwa a ɗan kwalba. A dutse iska gangarowa take da asuba, idan rana ta ɗaga sai ta juya ta hau. Wanda ya bi dabba daga sama da sanyin safiya ya aika mata da warinsa tun kafin ya gan ta.

Saura tambayar da ta fi damuna. Na kira malamina na gida, bayan gaisuwa na ce, “Allah gafarta Malam, dabbar da kibiya ta kashe kafin in iso da wuƙa fa?” Ya ce in yi bisimilla lokacin sakin kibiya, idan na same ta da rai in yanka, idan kaifin ya kashe ta halal ce. Sai na gaya masa al'adar maharban nan, cewa idan harbi ya sami ciki da yamma sukan bar dabbar ta kwana, su bi jini da safe. Ya ce Risala ta yi sharaɗin kada abin farautar ya kwana a ɓace maka, ko da yake ta kawo wani ƙaulin da ya sawwaƙe idan an tarar da kibiyar a makasa. Ya ƙara da cewa farauta don wasa makaruhi ce, in gyara niyyata. Daga ranar na ƙudura ba zan yi harbi gab da magariba ba.

A ƙarshen Yuli na ɗauki hutun kwana uku na je in ga wuraren nan biyar da idona, da buhun yashi kilo 25 a jakata. Abin da na tarar a wuri na farko, da yadda tsaunin ya yi da ni a daren, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.