Neman sanin ƙarfen wuƙar aljihun mahaifina

Cikin kayan da suka zo hannuna bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, akwai wata 'yar wuƙar aljihu mai lanƙwashewa, wadda da ita yake ɓare goro, da ita kuma yake fiƙe mana alƙalami a zamanin da muke karatun allo. Ƙotarta ta katako ce, ta yi baƙi saboda riƙo, ruwanta kuwa wasawar shekaru ta cinye shi har ya sirance kamar ganyen dogonyaro. A gindin ruwan, inda masu ƙira suke buga tambarinsu, babu abin da ya rage sai burbushin haruffa da ba su karantuwa. Bara, gab da Babbar Sallah, na sayi wata sabuwa a wajen wani mai tebur, tana ta ƙyalli, an rubuta mata 440C ɓaro-ɓaro. Kafin mu gama aikin naman rago ɗaya sai da na wasa ta sau uku, alhali tsohuwar, da na ɗauko don ta taya, ko dutse ba ta nema ba.

Na fara da rubutun da ke jikin wuƙa, domin shi ne hanya mafi sauƙi idan mai rubutun ya faɗi gaskiya. Waɗannan lambobi suna da ma'ana. Ƙarfen 440C na ainihi yana ɗauke da sinadarin kabon kusan kashi 1 cikin ɗari da kiromiyam kashi 16 zuwa 18, kuma kabon ɗin ne ke ba ƙarfe taurin riƙe kaifi, kiromiyam ya hana shi tsatsa. Na ƙasar Sin ma sun fi bayyana kansu, don 8Cr13MoV yana nufin kabon kusan 0.8 da kiromiyam 13, shi kuwa 3Cr13, wanda ya cika wuƙaƙe masu araha, kabon ɗinsa 0.3 ne kacal. Kalmomin Inox na Faransanci da Rostfrei na Jamusanci ba su faɗin komai illa cewa ƙarfen ba mai saurin tsatsa ba ne, wato kiromiyam ɗinsa ya kai aƙalla kashi 10.5, irin dangin ƙarfen da Harry Brearley ya samar a Shafil ta Ingila a 1913. Kamfanin Opinel na Faransa yana buga Carbone ko Inox a wuƙaƙensa, kuma ana iya yarda da shi saboda yana da sunan da yake karewa. Wuƙar da ba ta da sunan kamfani kuwa, rubutun jikinta iƙirari ne wanda injin zane zai iya yi wa kowane gwangwani.

Wani abokina ya ce in gwada maganaɗisu, wai idan ya kama to baƙin ƙarfe ne. Duka biyun ya kama. Cokalin cin abinci ne kan ƙi maganaɗisu, amma ƙarfe marar tsatsa da ake ƙera wuƙa da shi yana kama shi sarai, saboda haka wannan gwaji ɓata lokaci ne.

Jiran tsatsa ma ba ya aiki a garinmu yadda yake yi a Legas ko Fatakwal. Daga hunturu har bazara iskar Sakkwato a bushe take, wuƙa sai ta yi watanni a aljihu ba ta nuna halinta ba, sai damina ta kankama wajen watan Agusta. Abin da ya yi mini amfani shi ne lemon tsami. Na goge ruwan kowace wuƙa da toka har ya yi fari, na ɗiga musu ruwan lemon, na ajiye su a inuwa. Kafin in idar da sallar la'asar wurin da ɗigon ya taɓa a tsohuwar ya koma toka-toka mai duhu, sabuwar kuwa tana nan fes. Albasa ko tumatir ma suna yin haka, sai dai a hankali. Da wannan na tabbatar cewa ta mahaifina ƙarfen kabon ce zalla, dangin waɗanda ake yi wa lamba 1095 ko XC90, sabuwar kuma ba a yi ƙarya ba wajen rashin tsatsarta.

Batun tauri ne ya kai ni Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, wajen wani dattijon maƙeri da ya san mahaifina. Na ce, “Baba, ina so a duba mini ƙarfen waɗannan.” Bai ko kalli rubutun ba. Ya ɗauki magagari ya goga a bayan tsohuwar, magagarin ya zame yana ƙara ba tare da ya ci ba, ya goga a sabuwar sai ga garin ƙarfe yana zuba a cinyarsa. Daga nan ya taɓa bayan kowace a injin wasa na ɗan lokaci kaɗan, ni kuwa zuciyata na ɗar-ɗar don wannan gwaji yana cin ƙarfe. Tartsatsin tsohuwar ya fito da yawa, fari, yana fashewa reshe-reshe. Na sabuwar gajere ne, ja-ja, ba ya rassa sosai. Ya miƙo mini tsohuwar da hannu biyu ya ce, “Ɗana, wagga ka riƙe.”

A ma'aunin tauri na Rockwell, 440C da aka gasa yadda ya kamata yakan kai 58 zuwa 60, kuma magagari ba zai shige shi da wannan sauƙi ba. Ko dai sabuwar 3Cr13 ce da aka yi wa suna na aro, ko kuma ƙarfen na kirki ne aka lalata shi wajen gashi da tsomawa, kuma a hannun mai yanka duk ɗaya ne. Ina ganin masu tattara wuƙaƙe sun ba sunan ƙarfe muhimmancin da ya wuce ƙima, domin maƙeranmu da sifirin tsohuwar mota suke ƙera wuƙar mahauta, ƙarfen da kabon ɗinsa kusan kashi 0.6 ne kawai, amma idan an iya wuta da tsomawa sai ta yi fiɗar shanu tun safe. Ko na'urar hannu ta XRF da manyan dillalan ƙarafa suke aunawa da ita kiromiyam take gani, ba ta ganin kabon.

Iyakar abin da gwajin gida ya ba ni shi ne dangin ƙarfen da taurinsa, kuma ya ishe ni sanin yadda zan kula da kowace. Tsohuwar yanzu ina share ta da zarar ta taɓa goro, in shafa mata ɗigon man gyaɗa kafin in naɗe ta, musamman da damina. Sabuwar tana kicin, ana yanka kuɓewa da ita.