Ranar da na kai Goshi mayanka

Yau na kai Goshi mayanka, kuma ina so in rubuta yadda ranar ta kasance tun abin yana da zafi a raina. Goshi sa ne da aka haifa a garkenmu, sunan kuwa ya samo shi ne daga farin tabon da ke tsakanin idanunsa. Uwarsa ta sha wahalar haihuwa, nononta bai zo da wuri ba, saboda haka da hannuna na shayar da shi da kwalba yana maraƙi. Tun daga lokacin, da ya ji muryata sai ya bar ciyawa ya taho, ya ɗora hancinsa mai laima a tafin hannuna, yana jiran in sosa masa bayan kunne.

Masu kiwo da yawa suna cewa kada a raɗa wa dabbar yanka suna, don kada rabuwa ta yi ciwo. Ban yarda da wannan shawara ba, domin wanda ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya shi ne yake fara lura idan wata ta daina tuƙa ko ta fara ɗingishi, kuma shaƙuwar da ke sa mutum hawaye ita ce take tashe shi cikin dare ya duba maraƙi mara lafiya.

Motar ta iso da sassafe. Da direban ya ɗauko sanda, sai na ce masa, “Malam, ajiye sandar nan, da ƙafarsa zai hau.” Na ɗauki bokitin dusa na hau katakon da aka jingina wa motar, Goshi ya biyo ni a natse, bai ja da baya ba ko sau ɗaya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai duk yinin yau. Yardar da ya yi da ni tun yana ƙarami, ita na yi amfani da ita na shigar da shi motar da ba za ta dawo da shi ba. Na daɗe ina juya maganar, ban kuwa ga wata hanya da ta fi ta ba, domin in ba haka ba sai dai duka da ihu da jan igiya, ya kasance tsoro ne abu na ƙarshe da ya samu daga gare ni.

Ƙaramar 'yata ta tsaya a bakin shinge ta ce, “Baba, ya san inda za a kai shi?” Na amsa mata da abin da na yi imani da shi, cewa abin da yake gani a lokacin kawai yake ji wa tsoro. Idanun shanu suna gefen kai, suna ganin kusan duk abin da ke kewaye da su, fiye da digiri 300, amma ba su iya auna zurfi sosai, shi ya sa inuwa a ƙasa ko tsumma da iska ke kaɗawa yake tsayar da su cik. Temple Grandin, malama a Jami'ar Jihar Colorado a Amurka, ta shafe shekaru tana nuna wa masu mayanka cewa irin waɗannan ƙananan abubuwa ne suke firgita shanu, har ta tsara musu hanyoyi masu lanƙwasa don su riƙa tafiya cikin natsuwa. Firgici kuma yana bayyana a naman kansa: dabbar da ta galabaita kafin yanka takan ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarta, sai naman ya yi duhu, ya bushe, ya kuma yi saurin lalacewa.

A mayanka an ba shi ruwa, an bar shi ya huta, likitan dabbobi ya duba shi. Wasu sukan miƙa igiya su juya, ban kuma ga laifinsu ba, amma ni na tsaya kusa da shi ina yi masa magana har aka gama. Mahaucin ya san aikinsa, wuƙarsa tana da kaifi, abin bai ɗauki lokaci ba. Sai da na koma mota hawaye suka zo mini, na kuwa bar su suka zuba.

Na san sa yana iya kai shekara 20 a duniya, Goshi kuwa bai kai ko kusa da haka ba, kuma ni na yanke masa kwanan. Don nama na yi kiwonsa tun ranar farko, na kuma ƙaunace shi da gaske, duka biyun gaskiya ne, ba na son in ɓoye ɗaya don ɗayan ya yi mini daɗin ji.

Da yamma abokin kiwonsa ya yi ta kuka yana zagaya shinge, ya ƙi taɓa komin abinci, sai na mayar da shi cikin sauran garken, domin kaɗaici yana wahalar da shanu ƙwarai. Gobe zan koma in karɓo naman, kuma na roƙi mahaucin kada a zubar da komai, har fata da ƙasusuwa da kayan ciki. 'Yata ta ce ita ba za ta ci ba, na ce mata babu wanda zai tilasta mata.